Sukwaya mita 12 santimita nawa ce? An ja ma ƙanina jan biro kuma ni ban ga laifinshi ba

ɗan_Kofar_Marusa

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilmin kimiyya da lissafi ku taimaka mani da wannan abun. Ƙanina ne ɗan aji ɗaya a ƙaramar sakandare nan cikin Katsina, an basu aikin gida a darasin kimiyya kan awo, su mita da santimita da lita da kilo ɗinnan. Tambaya ukku ce. Ta farko kilomita 2.5 mita nawa ce, ya rubuta 2,500 ya ci. Ta biyu ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3, a fiddo girman filinshi a sukwaya mita sannan a maida shi sukwaya santimita, yaro ya rubuta 12 daga nan ya rubuta 1,200, malam ya ja mashi jan biro ya rubuta 120,000 a gefe ba wani bayani. To ni dai abinda na sani tun muna firamare mita ɗaya santimita 100 ce, 12 sau 100 kau ko daga barci aka tashe ni 1,200 ne, ina sauran sifiri biyun suka fito?? Yaron yace shi bai iya tunkarar malamin tsoronshi yake ji, ni kuma bana son in tafi makaranta in yi ta zaƙewa gaban yara.

Ta ukku ma bai taɓa ta ba, wai tanki mai mita ɗaya ta kowane gefe lita nawa zai ci.

Sannan tawa tambayar ta ƙashin kaina, lita da kilo abu ɗaya ne? dan naji wani yace lita ɗaya kilo ɗaya ce. Kuma tiya kilo nawa ce? Ni fa har ga Allah ban ga mi yasa ake wahal da yara da waɗannan abubuwa ba, in ka shiga Babbar Kasuwa tiya ce da mudu da gwangwani, tela yadi ya sani, mai fili ƙafa ya sani, to wa ke aiki da santimitar?

Malamar_Kimiyya_KT

Wa alaikumussalam. Ɗan uwa kada ka je makarantar da faɗa, malamin nan amsarshi daidai ce, sai dai gaskiya bai kyauta ba da ya bar yaro ba bayani dan wannan wurin duk shekara nan yara ke faɗawa, har na babbar sakandare.

Abinda ka sani gaskiya ne mita ɗaya santimita 100 ce, amma wannan na tsawo ne kawai, layi guda miƙaƙƙe. Ɗaki kau tsawo gare shi da faɗi kuma kowanne sai an juya shi. Mita 4 ta zama santimita 400, mita 3 ta zama 300, to yanzu buga 400 sau 300 ka gani, 120,000. Sifiri biyu na tsawon ne, biyu na faɗin, shi yaro na gefe guda kawai ya juya ya bar ɗayan.

In kana so abun ya zauna mashi har abada kada ka tsaya kan takarda. Ka aro tef ɗin tela, gefe guda inci ne ɗaya gefen santimita, ku fita tsakar gida ya zana murabba'i a ƙasa da tsinke, mita ɗaya nan mita ɗaya can. Sai ka tambaye shi ƴan ƙananan akwatuna masu santimita ɗaya-ɗaya guda nawa zasu jeru a layin farko, zai ce 100. Layi nawa za'a yi kamin wurin ya cika, zai ce 100. To 100 sau 100 nawa kenan, 10,000. Kaga sukwaya mita ɗaya sukwaya santimita 10,000 ce ba 100 ba, sau 12 ɗinshi sai ya bashi abinda malam ya rubuta.

Ta tankin ma hanyar kenan sai dai gefe ukku ne tunda an ƙara zurfi, 100 sau 100 sau 100, miliyan ɗaya kenan na kubik santimita. Ita kuma lita akwati ce mai santimita 10 ta kowane gefe, wato kubik santimita 1,000. Raba miliyan da dubu, amsa lita 1,000. Wannan baƙin tankin robar da ake ɗorawa bisa ƙarfe mai rubutun 1000L shine kubik mita ɗaya cif.

Lita da kilo ba abu ɗaya bane ko kusa, lita wurin da abu ya cinye take aunawa, kilo kuma nauyinshi, wato yawan abinda ke jikinshi. Wanda ya faɗa maka haka da ruwa kawai ya dace, dan tun asali da gangan aka tsara kilo ta yi daidai da litar ruwa. Litar fetur bata wuce giram 740 ko kusa da haka, ta man gyaɗa ɗari tara da ɗan wani abu, ta zuma kau wajen kilo 1.4. Shi yasa jarka mai lita 25 in ruwa ce kilo 25 ka ɗauka, in fetur ce wajen 18 da rabi. Kuma tankin can in ya cika kilo 1,000 ne a sama, tan guda, buhun siminti 20 kenan, masu ɗora shi bisa siririn ƙarfe ku ji da kyau.

Abinda nake so yara su riƙe ƴan kalmomin gaba ne kawai, kilo na nufin sau 1,000, santi kashi ɗaya cikin 100, mili kashi ɗaya cikin 1,000. Mita da santimita kamar naira da kobo ne, 2.35 naira biyu da kobo talatin da biyar, haka mita 2.35 mita biyu da santimita 35. In ya gane kilo ya gane kilomita da kilogiram da kilowat na wutar lantarki gaba ɗaya, ba sai ya haddace kowanne daban ba. Daga babba zuwa ƙarami a ninka, daga ƙarami zuwa babba a raba. Lokaci kau ya ƙi bin goma-goma yana nan da sittin-sittin ɗinshi.

Sai kuma ya riƙa duba amsa da hankali, in lissafi ya bashi tsawon yaro mita 14 to ya tuna hasumiyar Gobarau ma wajen mita 15 ce.

Mai_Awo_Daura

Malama Allah ya ƙara basira, ni ma yau na san inda sifirin ke fitowa. Maganar tiya kuma ku bar mani dan sana'ata ce, hatsi nake saye da sayarwa nan Daura, Lahadi kuma ina Mai'adua.

Ɗan uwa tiya bata da kilo tsayayye, duk wanda yace maka ga kilonta to ka tambaye shi tiyar mi, kuma ta wace kasuwa. Abinda aka saba faɗa dai buhun masara mai kilo ɗari tiya arba'in ne wato kowace kilo biyu da rabi, amma wannan kintace ne. Tiyar shinkafa tafi ta garin kwaki nauyi nesa ba kusa ba, ta gyaɗa mai ɓawo kau kamar baka ɗauki komai ba, kuma masarar da aka sussuka yanzu da kaka da wadda ta kwana rumbu har bazara ba ɗaya suke ba dan sabuwar akwai sauran danshi jikinta. Ga kwanon kanshi, na wannan kasuwa yafi na waccan, wani ma a kasuwa guda kwano biyu gare shi, babba na saye a hannun manomi ƙarami na sayar maka, wani ya bubbuge gindin kwanon ya shige ciki, Allah ya tsare mu da tauye mudu dan kowa ya san abinda aka ce a kanshi. Sannan hannun mai awo, wani ya tula har yana zuba ya tara hannu a gefe, wani ya shafe baki.

Amma fa ni bazan yarda ace tiya bata da amfani ba. Tsohuwa ta taho daga ƙauye bata san lamba ba amma ta san kwano, idonta na kai ana auna mata, in bai cika ba tace cika, a ƙarshe ta nemi gyara a ƙara mata. Sikeli kau allura ce ke motsi, in mai shi ya murɗa ta a baya ina zata sani? Na sha ganin sikeli biyu a rumfa guda suna musu da juna. Kuma mutanen Nijar da muke hulɗa dasu ta Kwangwalam, su da Faransa ta rena, hanya kilomita suke faɗa, mai lita, amma in aka zo hatsi su ma tiya ce dai.

Inda kilo ya kama mu dole shine in manyan masu saye sun zo, masu injin shinkafa da masu abincin kaji, su basu san buhu ba sikeli suka sani, a ɗora a rubuta, har da ƴar na'urar duba danshi. Wanda bai iya lissafin kilo ba ranar sai dai ya tsaya yana kallo ana faɗa mashi kuɗinshi. Takin zamani ma kilo 50 ne buhu, iri kilo, maganin feshi lita da mililita. Dan haka a bar yaro ya koya.

ɗan_Kofar_Marusa

Kai jama'a na gode ƙwarai. Malama anjima in ya dawo Islamiyya zamu yi na tsakar gidan, akwai tef wajen Umma. Alhaji wato kenan tiya ƴar uwar lita ce ba ta kilo ba tunda cikin kwano take aunawa? To in haka ne mi zai hana a ƙera kwano guda a ce ga litarshi kowa ya bi

Anti_Nas

Eh haka ne tiya ɓangaren lita take. Ni dai inda kace wa ke aiki da santimita nan na tsaya, ka zo asibiti ka gani. Jariri na faɗowa sikeli ake fara ɗora shi, in bai kai kilo 2.5 ba mun san sai an sa mashi ido sosai. Maganin yara da yawa da kilon yaro ake lissafa shi ba da shekaru ba. Kuma dan Allah iyaye ku bambance mg da ml, na farko miligiram ne yawan maganin kanshi, na biyu mililita yawan ruwan da aka narka shi ciki. In kwalba tace 120mg/5ml nufinta duk mililita 5 akwai miligiram 120 na magani. Sai ace ma uwa ml 5 ta koma gida ta ɗauko cokalin shan koko ta cika, alhali cokulan gida kowanne da girmanshi, wani ya ninka haka. Ku yi amfani da ɗan murfin da ke zuwa da kwalbar mai zane-zane ko ku sayi sirinji a kemis ku cire allurar.

Haka gishirin zawo na leda, wanda aka rubuta lita ɗaya to lita ɗaya ake nufi, fiya wata biyu in masu 50cl ne, ku duba jikin ledar ruwan dan ba duka ke zuwa daidai ba. 50cl ɗin shine ml 500, rabin lita. In ruwan yayi kaɗan gishiri yayi ma yaro yawa.

Tsohon_Hedimasta

Assalamu alaikum ƴaƴana. Jikata ce ta nuna mani wannan zance nace bari in sa baki. Ɗana mai tambaya, da ka yi makaranta zamaninmu da baka ce ana wahal da yaran yanzu ba. Mu haddar da muka yi inci 12 ƙafa ɗaya, ƙafa 3 yadi ɗaya, yadi 1,760 mil ɗaya, oza 16 laba ɗaya, ga kuɗi kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, ga sisi ga taro a tsakani. Kowane da lambarshi ba mai kama da wani, a ce ka maida mil ukku da rabi inci, sai ka cika allo ka share ka sake cikawa. Yanzu kau ɗigo kawai yaro zai matsar.

Zamanin Janar Gowon aka yi sauye-sauyen nan kusa da kusa. Watan Afrilu 1972 motoci suka koma hannun dama, ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kobo suka fito, fam ɗaya naira biyu sule ɗaya kobo goma, a tsakankanin nan ne kuma aka fara juya awo zuwa mita da kilo da lita. Na kuɗi ya kama nan da nan dan ba yadda zaka yi, tsohon kuɗin an janye shi. Na awo kau ba wanda ya zo ya karɓe ma tela sandar yadinshi, shi yasa har gobe turmin atamfa yadi 6 ne, kuma in zaka shiga Kano ta hanyarmu sai ka wuce Mil Tara, ba wanda zai ce maka kilomita sha huɗu da rabi.

Asalin abun daga Faransa ne bayan juyin juya halinsu, a shekarun 1790. Su ma halin da Alhaji ya faɗa suke ciki, kowane gari da mudunshi. Sai masanansu suka ce a ɗauko awon daga abinda ba na sarki ba ba na ɗan kasuwa ba, suka auna duniya, tazarar da ke tsakanin ƙuryar arewa da layin tsakiyar duniya ta kan birnin Faris a raba ta miliyan goma, kashi guda shine mita. Dalili kenan da kewayen duniya ya faɗo wajen kilomita 40,000, ba dace bane. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu kan yarjejeniyar mita, a 1960 aka fiddo tsarin da ake kira SI wanda ke littafin ƙaninka. Kilo kuma wani ɗan curin ƙarfe ne aka ajiye a kulle kusa da Faris, duk sikelin duniya daga gare shi yake samo asali, sai 2019 aka sallame shi aka koma ma lissafi. Mita ma tun 1983 da gudun haske ake fayyace ta. Wannan ɓangaren sai Malama, nan ilmina ya tsaya.

Kakanninmu ma fa suna da nasu, kamu da taki da gaba, sai dai kamun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba, in zaka sayi igiya sai ka tafi da mai dogon hannu.

Birkila_Sabon_Layi

Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu wajen gini ai gauraye muke ci, bulo inci 9 da inci 6, katako tu-bai-fo, amma rodi 12mm da 16mm, tayil sukwaya mita ake saida shi, zanen injiniya kuma duk milimita ne, zaka ga 3600 kayi zaton wani abu ne ashe mita 3.6 ce. Makanike da ke ihu miƙo mani sifana 10 ko 17 milimita yake faɗa ko ya sani ko bai sani ba.

Mai tambaya maganar sukwayan nan ba wasan yara bace wlh. Fili 50 bai 100 da ake saidawa ƙafa ce, in ka juya mita 15.24 ne da 30.48, sukwaya mita 464 da rabi. In takarda tazo da mita kai kuma ƙafa ke kanka, ko dillali yace 50 bai 100 bai faɗi na mi ba, to tambaya, dan 50 bai 100 na mita sukwaya mita 5,000 ne rabin hekta, ya ninka na ƙafa fiye da sau goma. Hekta 10,000 ce, eka kuma dubu huɗu da ɗan kai, hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi, manoma a kula in ana rabon taki ko haya.

ɗan_Kofar_Marusa

Baba mun gode Allah ya saka. Malama mun yi zanen, da ya kai layi na biyu ya fara dariya yace ya gane. Na bashi wani in gwada shi, shago mita 5 da mita 2, ya rubuta 10 sannan 100,000. Na tankin ya rubuta 1000. Daidai?

Malamar_Kimiyya_KT

Lambobin duk daidai, amma da ni ce mai makin sai na rage mashi dan bai rubuta na mi ba. 10 mi, awaki? Sai ya sa m² da cm² da L a gaba, a jarabawar kimiyya lamba tsirara rabin amsa ce. Hukumar NASA ta Amurka ta taɓa asarar kumbo sukutum a duniyar Mars a 1999 dan ɓangare guda ya yi lissafi da awon laba ɗayan kuma ya ɗauka na mita ne.

Ya kula da rubutun ma, kg da ƙananan baƙaƙe ba KG ba, km ba Km ba, kuma ba'a ƙara masu s ko da kilo ɗari ne. In ka cire L na lita, waɗanda aka sa ma sunan mutum su ke ɗaukar babban baƙi, N na Newton, K na Kelvin, A na Ampere. Baba ya ambaci SI, tushenshi guda bakwai ne, mita, kilogiram, sakan, kelbin na zafi, ampiya na lantarki, mol na yawan sinadari da kandela na ƙarfin haske, a ajinsu huɗun farko zasu fi tambaya, sauran sai ya shiga babbar sakandare. Mako mai zuwa ƙila su shiga auna ruwa da silinda mai zane, ka ce mashi ya sunkuya idonshi yayi daidai da saman ruwan ya karanta ƙasan lanƙwasar ba gefen da ya hau gilashi ba.

Alhaji dan Allah in ka samu sarari ka ɗura ruwa a tiyarka da gorar lita ɗaya ka faɗa muna nawa ta ci, ina so in ba ƴan ajina su kwatanta da ta nan Katsina.